Haƙorin Ibram da Waƙar Aisami

A garin Gure akwai wata yarinya mai karambani. Ba ta da mugunta ko kaɗan, amma komai ta gani sai ta ce ta iya. Ko akuya ta yi tari, ita ce mai ba ta magani.

Tana da ƙane, sunansa Ibram. Wata Lahadi haƙorinsa na gaba ya fara girgiɗa. Inna ta tafi kasuwa, Baba yana garka, wato lambu, wajen ban ruwa.

"Zo in cire maka," in ji yarinyar. "Ba zafi."

"Yaya, Inna ta ce a bari ya faɗi da kansa."

"Kai dai ka cika tsoro. Buɗe baki."

Ta ɗaura zare ta fizge. Haƙori ya fita, jini ya biyo. Ta ba shi ruwa ya kurkure, jini bai tsaya ba. Ta danna tsumma, tsumma ya jiƙe. Ta sake wani. Har la'asar jini yana tsattsafowa. Nan fa ta kwashi tsummokaran ta binne cikin rairayi a bayan ɗaki.

"In ka faɗa wa Inna, ba ni ba kai," ta ce masa. "In jinin ya zo, ka haɗiye."

Bawan Allah ya yi yadda aka ce. Washegari ya tashi ba ƙarfi, ko kunu ya kasa sha. Inna ta ɗauka tsoro ne, don an riga an yi magana da wanzami Ɗan Talata. Gobe da safe zai zo ya yi wa Ibram kaciya.

Yarinyar ta tafi lakwal, wato makaranta. Suna zaune sai malamarsu, Madan Rahinatu, ta ce, "Yau muna da babban baƙo."

Ashe Aisami ne, mawaƙin nan da kowa ya san muryarsa a rediyo. Ɗan Gure ne. Yana yaro ya fara waƙa a gindin dabinon kakansa, yana kiɗa da tsohon galan. Yanzu har Yamai ake gayyatarsa, kuma shi yake tsara waƙoƙinsa da kansa. Ya shigo yana ɗingishi, da jita a kafaɗa.

"Kun ga tafiyata?" ya ce yana murmushi. "Wani ciwo ne da aka haife ni da shi. Likitoci suna ce masa emofili. Masu shi ba su da yawa. In muka ji rauni, jininmu ba ya tsayawa da wuri. Ranar kaciyata saura kaɗan in mutu, don ba wanda ya sani. Shi ya sa nake bin gari gari da wannan waƙa."

Ya kaɗa jita, ya rera:

"Jinin da ya ƙi tsayawa,
Ba abin ɓoyewa ba ne.
Kafin a kira wanzami,
A fara zuwa likita."

Yara suka ɗauki amshi suna tafi. Ita kuwa yarinyar tana tsoron faɗan Baba, amma tsoron abin da zai sami Ibram gobe ya fi. Ta ɗaga hannu.

"Malam, in haƙori ne aka cire fa, jini ya wuni yana zuba?"

Aisami ya ajiye jita. "Haƙorin wa, 'yata?"

Sai ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Madan Rahinatu ba ta tsaya faɗa ba. Ta kama hannunta, su uku har da Aisami suka nufi gidan su yarinyar.

Yarinyar ta tono tsummokaran ta nuna wa iyayenta. Inna ta dafe ƙirji.

"Ke, ashe tun jiya yaron nan yake zubar da jini kika yi shiru?"

"Inna, na yi laifi. Ki yafe mini."

Baba ya ɗaure fuska. "Amma an gaya wa dangi gobe ne kaciya. Yaya zan yi da su?"

"Malam, dangi za su iya jira," in ji Aisami a hankali. "A fara duba jininsa."

Inna ta share hawaye, ta dubi Baba. "Malam, ka saurare shi. Ina da ƙane da ya rasu yana ƙarami, bayan kaciya. Jini ne ya ƙi tsayawa."

Baba ya miƙe, ya saɓi Ibram a kafaɗa, ya aika a ba Ɗan Talata haƙuri.

A gidan likita aka tsayar da jinin, aka ƙara wa Ibram ruwa. Daga nan aka tura su Damagaram don gwaji. Yarinyar ta zauna gida ita da kakarta. Ba wasa, ba dariya, kullum idonta yana kan hanya.

Gwaji ya nuna Ibram yana da ciwon. Da ya murmure, likitoci suka yi masa allurar da ke taimaka wa jini ya tsaya, sannan suka yi kaciyar da kansu. Ya dawo Gure lafiya lau, yana ta tsalle.

Da Aisami ya shirya babban wasa a filin gari, sai ya kira yarinyar ta tsaya kusa da shi. Ita ta ja amshi, jama'a suka karɓa. Ɗan Talata ma yana sahun gaba. Ya ce daga yau ba zai taɓa yaro da aska ba sai ya tambayi iyaye yadda jininsa yake.

A hanyar gida Baba ya dafa kanta.

"Me kika koya?"

"In na yi kuskure, in faɗa nan take. Kuma in na ga ciwo, in gaya wa manya."

"Madalla," in ji Baba. "Ɓoyewa ta kusa raba mu da Ibram. Gaskiyar da kika faɗa ce ta cece shi, da ikon Allah."

Ibram ya riƙe hannun yayarsa gam, suka shiga gida tare.