Angon Da Ya Tare a Asata

Ranar da Sabi'u tela ya kawo keken ɗinkinsa gyara daga Anacha zuwa Inugu, yunwa ta kai shi teburin tuwon Ramlatu a unguwar Asata. Ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa, alhali tun kwanon farko ya ƙoshi.

"Malam, tuwon ne ko mai tuwon?" ta ce.

"Ki bar ni da kunyata," ya ce.

Shekarar ana ta shirin karɓar mulkin kai, amma Ramlatu ko ƙofar gida ba ta da 'yancin yin nisa da ita. Uwarta ta rasu, ita kaɗai ce ga mahaifinta Saja Datti, tsohon soja wanda ƙafafunsa suka mutu. Ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi. Muntaka mai shanun Fatakwal ya taɓa neman aurenta, da ya ji ba za ta bar tsoho ba, ko sallama bai yi ba.

Sabi'u kuwa ya mai da hanyar Inugu kamar ta masallaci.

"Hasken idona, mu tafi da Baba Anacha."

"Na roƙe shi. Ya ce gara kabari da zaman gidan suruki."

"To ke fa?"

"Ina sonka, Sabi'u, har haushin kaina nake ji. Amma in na bi ka, wa zai juya shi? Ka nemi wata."

Ta faɗa tana kuka, shi ma bai tsira ba.

Saja yana da labari ɗaya da duk Asata ta gaji da ji. Bayan yaƙin Bama an tura shi da motar soja ƙasar Siyam, zazzaɓi ya kayar da shi a wata gunduma har ya yi damina. Sabi'u ya shiga gaisuwa, tsoho ya samu sabon kunne.

"Duwatsu ta yamma, kogi ya raba ta biyu, sauran duk fadamar shinkafa, da ɓauna suke noma. Da can ƙauye ce, da jama'a ta yi yawa aka yanke mata ƙasarta. Hakimi daga babban birni ake turo shi, ƙarƙashinsa dagatai, amma mai unguwa mutane ke zaɓen abinsu. Mai unguwar da ya yi jinyata ma a gidan iyayen matarsa yake zaune."

"Mai unguwa guda, Baba?"

"Can namiji ke tarewa, 'yar auta ba ta barin iyaye." Tsoho ya kau da kai. "Mu nan ba a yi. Na san ni ne ƙaya a ƙafar yarinyar nan."

Da Sabi'u ya kai wa mahaifiyarsa maganar shi zai tare a gidansu Ramlatu, Inna Indo ta dafe ƙirji.

"Mijin-ta-ce za ka zama? Ɗan da na haifa a kai shi kamar amarya? Ba da raina ba!"

Ta hau mota da kanta don ta ci wa yarinyar mutunci. Tana shiga gidan ta tarar da Ramlatu ta goyo ubanta a baya za ta kai shi wanka, ƙafafunsa na jan ƙasa. Inna ta haɗiye abin da ta zo da shi, ta kama mata.

Da ta koma, abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗaure kekenka."

Gimba direba ya kawo wa Ramlatu saƙon Sabi'u: "Ya ce ki share ɗakin zaure. Tela na zuwa da kekensa, kuma ba gyara ba."

Ranar biki abokai suka ɗauko keken a ka, suna tsokanar ango ya rufe fuska. Wata maƙwabciya Inyamura ta leƙo ta ce da Turancin kasuwa, "Na man dem dey carry come?" wato namiji aka kawo tarewa? Sabi'u ya sha dariyar, bai ɗaga kai ba.

Saja ya riƙe hannunsa. "Allah ya ba ku masu yi muku."

Washegari Ramlatu na tuƙa tuwo, ta ji ƙarar keke a zaure, ta ji tsoho ya soma, "Duwatsu ta yamma." Ta tashi za ta juya shi, sai ta tarar an riga ta.