Harsashin da Ya Kashe Goɗiyata

Kai ne, Rune. Ni na haife ka, ni kuma zan faɗa. Kai ka kashe mini goɗiyata Bruna, ko da ba yatsanka ne ya ja kunamar bindigar ba. Ka bar ɗan mutane da laifin har yau, ka kusa raba 'yarka da wanda take so. Ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan maganar ba ta buƙatar karatu.

A filin koyon harbi na bayan gari Tuva ta fara ganin Vidar. Ita jikata ce, 'yarka, ita ke koyar da masu neman takardar farauta. Shi kuwa ma'aikacin jinya ne, ya zo da tabarau da littafi a hammata. Ranar farko aka saki allon katako mai siffar elg, ƙaton naman dajinmu da ya fi doki tsayi, yana gudu a kan ƙarfe. Kowa ya ɗaga bindiga, shi ya sauke tasa.

"Barci kake yi?" in ji ta.

"Akwai abu yana motsi a bayan allon, Malama. Ke kika ce kar mu harba sai mun gani."

Ta duba. Ashe karen maƙwabta ne ya ɓulla ta gefen tudun. Ta daka tsawa kowa ya ajiye bindiga.

Da yamma ta tura masa saƙo: "Ɗalibina, yau kai kaɗai ka ci."

Ya mayar mata: "To ina ladana, Malama? Kofi ɗaya ya isa."

Kofi ɗayan nan bai ƙare ba har rani ya wuce. Tare suke zuwa mini tsinkar 'ya'yan itace masu launin shuɗi a daji, su dawo da rabin bokiti da baki shuɗi, suna cewa bana ba su yi yawa ba. Ni ba yarinya ba ce.

Ranar da ta kawo maka maganarsa ina zaune a wurin.

"Ya yi aikin soja?" ka ce.

"Asma gare shi, Baba, ba su ɗauke shi ba."

"Wato a aji ya koyi harbi, da biro. Ba zan ba wa irin wannan bindiga ba, balle 'ya."

Kai da ka yi sojan wata goma shekara arba'in da suka wuce, rabinsa kana feraye dankali. Sai ka jawo Hampus, ɗan abokinka, wanda ya fito daga bariki da lambar gwanin harbi a ƙirji. Duk Lahadi yana teburinka, yana ba da labarin yadda yake zuba harsashi goma kafin mutum ya ƙifta ido.

Tuva ta ce maka, "Baba, shi an koya masa ya harba da sauri in an ba da umarni. A daji babu mai ba da umarni. Ya zo ya yi gwajin kamar kowa."

Ka yi dariya. "Soja zai zauna a ajinki?"

Lokacin kaka ya zo, lokacin farautar elg. Kai ne shugaban ƙungiyar mafarauta, ka fi kowa sanin ƙa'ida. Ba a ba mutum wurin tsayawa sai ya ci gwajin allo mai gudu, wanda kuma ba shi da takarda, dole mai bindigar ya tsaya kusa da shi yadda hannu zai kai. Vidar ya ci nasa. Hampus bai ko leƙa filin ba. Ka miƙa masa bindigarka, ka tsayar da shi a bakin makiyayata, Vidar yana wurin da ke gaba da shi. Sannan ka shigo kicin ɗina hannu rabbana, wai sanyi ya dame ka, in zuba maka kofi.

Kana cikin sha muka ji ƙarar. Ka bar kofin ka fita a guje.

Bruna tana kwance a jikin shinge, hazo bai gama tashi ba. Shekararta ashirin da uku. Ita ce ke ja muku elg daga cikin fadama tun mahaifinka yana da rai.

Kafin sauran su iso, bindigar ta koma kafaɗarka. Suka dubi soja, suka dubi mai tabarau, suka ce wa zai ɗauki doki a matsayin elg in ba sabon shiga ba. Ba ka ce uffan ba. Vidar ma bai ce ba. Aka cire shi daga ƙungiya. Ka roƙe ni a bar maganar a gida, ba sai 'yan sanda sun shigo ba, na yarda saboda ni uwa ce. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Tuva ta rubuta masa: "Ni na sa hannu a takardarka. Don Allah ka ce mini ba kai ba ne."

Ya amsa: "Malama, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ba zan iya faɗa miki komai ba. Ina son ki."

Ba ta sake rubuta masa ba. Ta rame, ta daina dariya, kai kuma kana ta tura mata Hampus da furanni.

Cikin hunturu na zame a ƙanƙara na karye a ƙugu. Wa aka turo ya riƙa zuwa duba ni a gida? Vidar. Yana wanke mini ƙafa na ce masa, "Kai ka harbe ta?"

"Kaka, ɗaga ƙafar kaɗan."

"Tambayarka nake yi, ɗan nan."

"Ruwan bai yi zafi ba ko?"

Yana fita na kira Tuva. Tun a lokacin likitan dabbobi ya ba ni harsashin da ya ciro daga jikin Bruna a cikin 'yar kwalba, ni kuwa ban san karatun harsashi ba. Ta juye shi a tafin hannu, ta dube shi sau ɗaya, fuskarta ta canza.

"Wannan ba ya shiga bindigar Vidar, Kaka. Na Baba ne."

Na gaya mata inda kake a safiyar nan. Ba ta ko ɗauki hularta ba. A bakin motarsa ta sami Vidar, yana kankare ƙanƙara daga gilashi.

"Me ya sa ka yi shiru?"

"Da na yi magana, da an karɓe bindigogin babanki da shugabancinsa. Ban so in shiga gidanku ta wannan hanyar ba."

"Kai wawa ne, ɗalibina."

"Na sani, Malama."

"Asabar ta farko a watan Yuni. Kar ka makara."

An ɗaura auren a ƙaramin cocinmu, aka yi rawa a rumbun ciyawa. Suka shigo hannu cikin hannu, tabarau ɗinsa ya yi raɓa har sai da ta cire ta goge masa da gefen rigarta. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu halin ubansu, ya sa su tsufa tare.

Kai kuwa ka miƙe ka yi jawabi a kan haƙuri, ka zauna. Hampus ya tattara ya koma birni. Har yau mutum goma sha huɗu na ƙungiyarka suna ganin surukinka ne ya harbe doki, wasu ma suna yi masa haniniya in ya wuce kanti.

Lahadi mai zuwa kuna taron shirin farauta. Ka tashi a gabansu ka faɗi bindigar wa ce, a hannun wa take. Ka mayar wa Vidar wurinsa. Kai ma ka je gaban allo mai gudu, 'yarka ta gwada ka. In ba ka yi ba, zan shigo da sandata da kwalbata in tambaye ka a gaban kowa, kuma sai ka amsa: ina kake lokacin da bindigarka ta tashi?