Dambu a Ƙasan Jaka

A wani gari mai nisa, wata mata ta kai 'ya'yanta uku filin wasan lilo. Abincin da ake sayarwa a ciki akwai tsada, sai ta dafa dambu ta ɓoye a ƙasan jaka.

A bakin ƙofa ta ga mai gadi yana korar masu abinci. Layi yana matsawa, gabanta yana faɗuwa.

Babbar 'yarta ta raɗa mata, "Umma, ki ce babu."

Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, da abinci a jakar nan?"

Yaran suka zuba mata ido. Ta ce, "Akwai, Malam."

Ya nuna mata inuwar wata bishiya. "Ku ci a can ku dawo. Zan riƙe muku wurinku a layi."