Barcin Gaiwa

Uwar Goyo ba ta hutawa. Hannuwanta na ƙarfe suna zagaya tafkunan Gidan Ƙyanƙyasa na Birnin Marke a kan dogo, wannan ya watsa abinci, wancan ya auna ruwa. A ƙasan kowane tafki akwai kunnuwan lantarki masu sauraren bugun zuciyar kifi. In ruwa ya yi zafi ta sanyaya shi, in ya ja baya ta ƙaro. In kifi ya mutu, hannu na uku ya tsamo shi kafin ya ɓata ruwan, ya jefa shi injin niƙan taki.

Don gaiwa aka ƙera na'urar. Tun da masana'antu suka kashe Kogin Marke kifin ya ƙare, sai 'yan tsirarun da aka ceto aka yi ta hayayyafa su a nan, zuri'a bayan zuri'a. Yanzu an gyara kogin. An fasa simintin gaɓarsa, an mayar da laka da ciyawar burgu, an bar shi ya cika da damina ya ƙafe da rani kamar dā. Saura a mayar masa da kifinsa.

Dakta Suwaiba, mai kula da irin kifin, ita ta lura ana yi mata sata. Duk bazara sai ta nemi wasu ta rasa, kuma kullum masu ƙarfin ne, masu son raɓewa a lakar bakin tafki. Zarginta ya sauka kan Injiniya Tukur mai gyaran na'urar, wanda matarsa ke da rumfar bandar kifi a kasuwa.

"Injiniya, yaya cinikin Hajiya? Na ji an ce bandarta ta yi ƙiba bana."

Tukur ya ɗago daga cikin wayoyin da yake haɗawa. "Tarwaɗa take sayarwa, Dakta. In miya kike so ki faɗa, ba sai kin zagayo ba."

"Kifina nake so."

"To ki tambayi uwarsu mana. Ni dai ko ƙaya ban taɓa fita da ita ba, ga masu gadi nan suna laluba ni kamar ɓarawon akuya."

Ba ta yarda da shi ba. Ta daina fita cin abincin rana, ta riƙa zama bayan tankin ruwa tana jiran ta kama shi. Rana ta gasa ta, abokan aiki suka fara raɗa cewa karatu ya taɓa ta. Ba ta fasa ba.

Wata azahar mai tsananin zafi ruwan tafki ya ɗan janye daga gefe, kafin na'urar ta ƙaro. Tukur ba ya kusa. Sai Suwaiba ta ga hannu na uku ya gangaro, ya luma yatsunsa cikin laka, ya ciro dunƙule biyu, ya nufi injin niƙa da su. Ta ruga ta danna maɓallin tsayarwa. A jikin kowane dunƙule akwai ɗan rami kamar hujin hanci. Ta kara yatsa, ta jira, ta ji iska kaɗan.

Gaiwa ba kamar sauran kifi ba ce, tana da huhu. In ta ji ruwa zai ƙafe sai ta haƙa laka ta shige, ta lulluɓe jikinta da yauƙi har ya bushe ya zama kwanso, ta rage bugun zuciyarta har ya kusa ɓacewa. Haka za ta kwanta ba ci ba sha sai ruwa ya dawo. Kunnuwan Uwar Goyo ba sa jin irin wannan bugun. A wurinta, duk gaiwar da ta yi barci gawa ce. Shekara da shekaru tana niƙe masu iya jure rani, tana aurar da waɗanda suka manta barcin.

Suwaiba ta ba Tukur haƙuri a tsaye, a taƙaice, sannan ta wuce ofishin Darakta Gwadabe da laka a hannunta.

"Ranka ya daɗe, a ɗage sakin kifin. Waɗanda suka rage ba su san barci ba. Rani na farko zai gama da su."

Darakta ya kalli lakar da ke ɗiga kan kafet ɗinsa, sannan ya kalle ta. "'Yata, wa ya turo ki?"

"Turo ni kuma?"

"Kamfanin da ya rasa kwangilar na'urar nan bai haƙura ba, na sani. Jiya Tukur ne ɓarawo, yau na'ura ce mai kisa. Gobe ni ne ko?"

"Ba wanda ya isa ya turo ni, Yallaɓai. A zo a ƙafar da tafki ɗaya a gani. In na yi ƙarya a yaga takardun karatuna."

"A ƙafar da tafki! Kin ji abin da ke bakinki? Kifin da muka yi shekaru muna tattali?"

Kafin la'asar an karɓe katin shigarta. Mai gadi ya laluba jakarta, ya ga dunƙulen laka biyu, ya yi tsaki ya bar ta ta wuce.

An saki kifin da damina, da kiɗa da jawabai. Rani ya zo. Kogin ya tsinke ya zama ƙananan kududdufai, gaiwa dubbai suka taru a ciki suna leƙo kai, suna jiran a ƙaro ruwa. Ba wadda ta haƙa laka. Shirwa da angulu suka yi ta shawagi, wari ya kai har tsakiyar birni.

Hukuma ta zauna, ta yanke cewa laifin rani ne. Aka shimfiɗa bututu daga madatsa, aka kafa famfuna a duk wani rafi da fadamar jihar, aka tsawaita dogon Uwar Goyo a gaɓar kogin, aka zuba sabon kifi daga tafkuna. Jaridu suka ce an ceci gaiwa.

Suwaiba ta koma gidan mahaifiyarta ba aiki, dunƙulen biyu cikin tsohuwar randa a inuwa. Daminar da aka saki kifin ba ta bari ruwa ya taɓa su ba, don ba ta san inda za ta kai su ba, kuma gaiwa na iya yin shekaru tana barci.

"Ke ki fasa ɗaya ki gani mana," in ji Inna. "Kin zauna gadin ƙasa kamar mai jiran gawa."

"In na fasa na kashe ta, Inna. Ba ni ta yi wa alkawari ba, ruwan sama take jira."

Da ruwan farko na sabuwar damina ya sauka ta fitar da randar tsakar gida. Lakar ta jiƙe, ta narke. Can wani abu ya motsa, ramamme, fata duk ta yamutse. Sai na biyun ma. Ba ta san ko mace da namiji ne ba.

Washegari ta ɗaure bakin randar da tsumma, ta tare motar haya a bakin titi.

"Ina zuwa, Hajiya?" in ji direban.

"Inda ruwa ke ƙafewa da rani."

Ya yi dariya. "Ai an gama da wannan wahalar. Ko'ina an kai famfo."

Ta shiga, ta ɗora randar a cinyarta, ta rufe ƙofa.

"Ja mu je. Sai inda bututun ya ƙare."