Ƙofar da Na Rufe wa Auta

Ƙwan lantarki kawai na fita saya. Na bakin ƙofarmu ne ya ƙone, ga shi jajiberin Kirsimeti, kuma Mama ta ce ba za a yi wannan yammacin ƙofa na cikin duhu ba. Ni tela ce. Kwana huɗu ina kan keke, idona ya yi ja, bayana kamar an daka shi, masu ɗinki sun gama zare mini ido sun kwashe kayansu. Na so in ce a bari sai gobe. Da na dubi fuskar Mama sai na haɗiye maganar, na zura silifas.

Bari in gaya muku yadda muke yi a gidanmu. Marigayi Baba ne ya kafa abin tun muna ƙanana. Ranar jajibere, da rana ta yi sanyi, sai a buɗe ƙofar gida a tokare ta da dutse. Ba mai rufewa sai 'ya'yan gida sun hallara, wanda kuma ba zai samu zuwa ba sai ya aiko da uzuri a cire shi daga jira. Wanda ya shigo ƙarshe shi zai ture dutsen, ya rufe, ya danna sakata, ya ce, "Mun cika." Sannan a yi addu'a a ci abinci, shi kuma ya wanke kwanuka, tarar makararsa ke nan.

Mu uku Mama ta haifa: ni, sai ƙanwata da ke aikin nas, sai Auta. Kusan kowace shekara Auta ne ke wanke kwanukan nan. Bakanike ne a wani gari, kuma tun yana yaro ko aikensa aka yi sai ya tsaya gaisawa da kowane kare na unguwa. In muka yi kiciɓis da shi a mararraba, ya sauko daga mota ni kuma na taso daga shago, sai mu kwasa da gudu, gandama-gandama da mu, kowa na gudun zama na ƙarshe. Ina cin sa, don kullum da jaka a kafaɗarsa.

Bara ya kira ni daga tasha. Ya ce, "Yaya, ku ajiye mini cinyar kaza, kada Kawu ya gama da ita." Motarsu ba ta iso ba. Ƙofa ta kwana a buɗe, abinci ya huce a kan tebur, da gari ya waye ɗan sanda ne ya shigo ta cikinta riƙe da hularsa a hannu. Ni na je na duba gawar. Ni na sa masa rigar bikin da na ɗinka masa, shuɗiya mai aljihu ɗaya a hagu, da ita muka binne shi.

Bana ƙanwata ta bugo waya ta ce tana bakin aiki. Ƙarya take, zuwan ne ba za ta iya ba, ni kuwa ban ga laifinta ba. Daga ni sai Mama sai Kawu, wanta, wanda ciwon gwiwa ya hana shi komai ban da surutu. Amma da na duba tebur kafin in fita, faranti huɗu na gani.

Na ce, "Mama, in na dawo ni zan rufe ƙofa ko?"

Ba ta ɗago ba. Tana goge cokali ta ce, "'Yar'uwarki ta aiko da uzuri. Auta bai aiko ba."

Kawu ya sunkuyar da kai, ni kuma na fice.

Shagon kayan lantarki yana can bayan mararraba. Mai shagon ya gwada mini ƙwan, ya naɗe a takarda, yana dariya ya ce, "Tela, bana wa zai wanke kwanuka?" Sai ya tuna. Dariyar ta mutu a fuskarsa, ya shiga gyara kwalayen da ba su karkace ba. Na ce masa ba komai, na juyo.

Rana ta riga ta faɗi, saura ɗan jan da ke gefen sama. Layin da ke kai wa gidanmu yana bi ta gaban tsohon garejin da Auta ya koyi aiki. An rufe shi, sai gawarwakin motoci a kan duwatsu da ƙasa mai baƙin mai. Daga nesa ina jin mawaƙan coci suna gwajin waƙoƙin gobe, wata mace tana ta kuskure a wuri ɗaya ana maimaitawa. Ƙamshin suya na fitowa daga gidaje. Wani yana sara itace.

Ina daidai garejin komai ya ɗauke.

Waƙa ta tsaya. Sara ya tsaya. Ko kukan tsanya babu. Sai ƙarar silifas ɗina, fat, fat, fat.

"Yaya."

Daga bayana. Muryar da na sani fiye da tawa, da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai yawan shan ruwan sanyi.

Kowa ya san ba a amsa kiran almuru in ba a ga mai kira ba. Ni ma na sani, na sha faɗa wa wasu. Amma shekara ashirin da shida bakina yana amsa wannan kira, bai nemi shawarata ba.

Na ce, "Na'am. Ka makara, yau ma kai ne..."

Sai na ji abin da na faɗa.

Aka yi dariya a bayana, ƙasa-ƙasa. "Jira ni mana. Kayana da nauyi."

Ban waiga ba. Na ƙara sauri, sai na ji ana jan wani abu a ƙasa, shuuu, shuuu, kamar jakar da hannunta ya tsinke. Ba ƙarar takalmi. Jan jakar kaɗai. Wari ya riske ni, na baƙin mai da ƙonanniyar taya, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani na maganin da na shaƙa a ɗakin ajiye gawa, wanda har yau ba na iya shiga asibiti saboda shi.

Na zuba da gudu.

Abin da ya fi ci mini rai, ina gudun ina kuka, don wani gefe na zuciyata murna yake. Layin nan ne. Gudun nan ne. Jakar nan ce a bayana.

Na faɗa cikin gida ta buɗaɗɗiyar ƙofa, ƙwan ya suɓuce ya fashe a kan siminti. Kawu yana zaune yana ɓare lemo. Ya ce, "Ke kuma lafiya? Kare ya biyo ki ko mai ɗinkin da kika ɓata wa yadi?"

Jan jakar ya zo har bakin ƙofa ya tsaya.

"Mama."

Cokulan da ke hannun Mama suka zube. Wuƙa ta tsaya a jikin lemon Kawu.

Hasken falo ya kai dokin ƙofa, ya ɗan haura kaɗan. Yana tsaye a inda hasken ya ƙare. Ana ganinsa daga ƙirji zuwa gwiwa, fuskar tana cikin duhu. Shuɗiyar riga. Na gane yadin, na gane maɓallan da na zaga kasuwa kafin in samu, na gane ɗinkin hannuna.

Aljihun yana dama.

Ni na yanka rigar nan, ni na ɗora aljihun. A hagu na sa shi. Maɓallan ma sun koma ɗaya ɓangaren, komai a juye, kamar abin da ake gani a madubi.

Na ce a hankali, "Mama, ba shi ba ne."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta miƙe, zanenta na ja a ƙasa. Ta ce, "Auta na. Shigo mana, ga abinci."

"Kayana da nauyi, Mama. Zo ki kama mini."

Bai tako ciki ba. Ƙafarsa ko dokin ƙofar ba ta taɓa ba. A nan na gane ba shigowa ya zo yi ba, fitar da ita ya zo yi.

Kawu ya yunƙura, gwiwa ta mayar da shi kujera. Sunan Yesu kawai ke fita daga bakinsa, a guntu-guntu.

Mama ta taka ɗaya. Ta taka biyu. Ta bi ta kan fasassun ƙwan ba takalmi, ba ta ko ji ba.

Na riƙo ta ta baya. Ta fizge. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga bokiti ta watsar da ni gefe kamar tsumma.

Ta miƙa hannu waje.

Hannu ya fito daga duhun ya kama wuyan hannunta. Sanyi ya cika falon, irin na cikin firji. Wutar lantarki ta yi ƙasa, ta koma ja.

Na rungume ƙugun Mama na ja da duk ƙarfina. Ana ja daga waje, a hankali, ba gaggawa, irin jan wanda ya san shi zai ci. Ƙafarta ɗaya ta haura dokin ƙofa.

Na kai wa dutsen shuri. Farcen babban yatsana ya fita, ban sani ba sai daga baya. Dutsen ya mirgina.

Na sa kafaɗa na danna ƙofar a kan baƙon hannun. Ba kamar nama ta matse ba. Kamar buhun yashi jiƙaƙƙe.

Ya saki. Muka zube ciki ni da Mama. Na tashi na danna sakata.

Shiru.

Sai ƙwanƙwasa. Sau uku, a hankali.

"Yaya. Ni ne fa." Muryar tana kuka yanzu, irin kukan da yake yi yana ɗan shekara biyar in an tafi an bar shi. "Ni ke rufewa. Ba ku cika ba. Yaya, akwai sanyi a nan."

Mama ta rarrafo tana dukan ƙafafuna. "Buɗe masa! Ki buɗe wa ɗana!"

Ƙwanƙwasar ta ƙaru. Sakata ta fara motsi da kanta, kaɗan-kaɗan, tana ƙara. Na danne ta da hannu biyu, ƙarfen ya yi sanyi har yana ƙuna.

Kawu ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ki faɗa. Ke kika rufe, ki faɗa."

Na san me yake nufi. Kalma biyu ce. Shekara guda ke nan ba wanda ya iya furta su a gidan nan, don duk wanda ya faɗe su ya cire Auta daga cikinmu da bakinsa.

Na jingina goshina da ƙofar. Ta bayan katakon ina jin numfashi, daidai tsayinsa.

Na ce, "Mun cika."

Sakata ta tsaya.

Jan jakar ya fara, shuuu, shuuu, yana nisa, har ya ɓace. Can sai waƙar coci ta dawo, matar nan tana kan kuskurenta. Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna ne kawai.

Ba wanda ya ci abinci. Na cire wa Mama gilasan da suka shige mata tafin ƙafa, ta juyar da kai ga bango. Da safe muka sami dogon sawun abin da aka ja a ƙasa daga bakin ƙofa har garejin, babu sawun ƙafa ko ɗaya a gefensa. Kawu ya sa aka share kafin maƙwabta su fito.

Wuyan hannun Mama ya yi shatin yatsu huɗu, baƙi. Shatin ya baje bayan wata guda, amma hannun bai ƙara ɗumi ba, ko cokali ba ya riƙewa. Ƙanwata ta kai ta wurin likitoci uku, kowa ya rubuta nasa maganin.

Kwana tara Mama ba ta ce mini uffan ba. In na kawo abinci sai Kawu ya miƙa mata take karɓa. Na yi kuka har na gaji, ga haushi kuma, don ni dai na san ranta na ceto. A rana ta goma ina shafa mata man zafi a hannun, na kasa daurewa.

Na ce, "Mama, ki yi fushi da ni in kin ga dama, amma ba Auta ba ne. Aljihun rigar..."

Ta katse ni. "Ni za ki gaya wa? Ni na haife shi. Tun kiran farko na san ba shi ba ne."

Na saki hannun. "To me ya sa kika tashi?"

Ta dubi ƙofar. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

Ta ce, "Muryarsa ce, 'yar nan. Shekara guda ina neman ta a kaina, ta fara ɓace mini. Ban damu ko wane ne ya aro ta ba. Da kin bar ni ya ƙara kirana ko sau ɗaya."

Na sake ɗaukar hannun nata mai sanyi, na ci gaba da shafawa.