Fentin Ɗakin Takwara

Mai Fenti ya kwanta a ƙasan siton ya miƙe, kansa ya taɓo bango, tafin ƙafarsa ya taɓo ƙofa. Matarsa na tsaye a kansa, tef ɗin awon ɗinki rataye a wuyanta, tana dariya.

"Tashi don Allah, kar maƙwabta su leƙo su ce na kashe miji a sito."

"Gwadawa nake. In ya ɗauke ni, ai zai ɗauki Takwara har da 'yar tsanarta."

Takwara 'yar matar ce, shekararta bakwai, ubanta ya rasu tun tana goye. Sunan kakarta ta ci, shi ya sa kakar, wato Inna, ke kiranta haka, har sunan ya bi ta. Wata takwas ke nan da sabon auren, yarinyar na hannun Inna, uwar kuwa ba ta da burin da ya wuce 'yarta ta dawo gabanta. Inna ta ƙi ƙememe. Ta ce ta san yadda ake yi wa agola, a kwantar da ita a kujerar falo, in baƙi sun zo a tashe ta. Da naci ya ishe ta sai ta kafa sharaɗi: in yarinya za ta sami ɗakinta na kanta, a zo a ɗauke ta. Ta san gidan ciki da falo ne, ta ɗauka ta kashe bakin maganar.

Ta manta da sito. Ɗan ƙurmusumin wuri ne, ba taga, sai wata 'yar kafa can kusa da rufi, bangon duk ya yi baƙi da laima. Kuɗi kuwa babu, sai dabara. Mai Fenti ya kwaso katakon da ake ɗora kaya a kai, ya goge, ya haɗa gado mai gajerun ƙafafu, ya bar wurin tura kwandon kaya a ƙarƙashi. Tsohon aljihun tebur ya buga a bango ya zama kantar littattafai. Ita kuma ta zazzage buhun ƙyallayen da suka rage mata a ɗinki, ta harhaɗa zanin gado, da rigar filo, da ɗan abin shimfiɗa a ƙasa. Bango kaɗai ya rage, farashin fentin gida kuma ya fi ƙarfinsu.

Shi dai a garejin gyaran motoci yake aikin feshi. Ran nan ya shigo baki har kunne, ɗauke da ragowar fentin wata mota, ruwan ƙwai mai sheƙi, da gwangwanin tina da ake sirka fentin da shi. Ya yi wa bangon shafi biyu. Wallahi wurin ya yi kyau, ko kai ka leƙa sai ka so ka kwana.

Bayan kwana biyu ya shiga ya ja iska da hanci, ya fito ya ce wari ya tafi sarai. Da gaskiyarsa ya faɗa. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana shaƙar feshi, hancinsa ya daɗe da mutuwa, shi ne bai sani ba. Matar kuwa tana leƙawa warin ya doke ta har idonta ya kawo ruwa. Ta kuma san Takwara na da asma, duk da ta kwana biyu ba ta tashi ba. Amma an riga an gaya wa Inna ta kawo yarinyar ranar Asabar, tana tsoron in aka ɗaga tsohuwar ta sami hujjar fasawa. Sai ta yi gum. Da safiyar ranar ta fesa turaren ɗaki har ya kusa ƙarewa.

Inna da mura ta zo, ta leƙa daga bakin ƙofa, ta taɓe baki, ta ce ba laifi. Takwara ta haye gadon tana tsalle, tana tambaya ko da gaske nata ne ita kaɗai. Bayan azahar ta ja ƙofarta ta rufe, wai kar kowa ya dame ta. Da aka kira la'asar uwar ta tura ƙofa, ta same ta a durƙushe gefen gado, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa, leɓɓanta sun canza launi.

Mai Fenti ne ya ɗauke ta a kafaɗa, ba takalmi, har bakin titi. A asibiti aka sa mata abin shaƙar iska. Likita ya tambayi abin da ta shaƙa, da ya ji sai ya ajiye bironsa ya ce fentin mota ba na ɗakin kwana ba ne ko ga mai lafiya, balle mai asma, balle ɗakin da ba taga. A gaban Inna ya faɗa, da yayan matar, wani direban babbar mota mai zafin kai.

Suna fita Yaya ya ci kwalar Mai Fenti. Ya ce dama ya san ba son yarinyar yake ba, ya rasa yadda zai rabu da ita ne ya ɓullo ta nan. Inna ba ta ɗaga murya ba, nata ya fi ciwo.

"Kai mai sana'ar ne. Kai ka san gubar da ke ciki. Ba wanda ya ji wari a cikinku?"

Matar ta kawar da kai. Mai Fenti ya dube ta sau ɗaya, a nan ya gane komai, don ya tuna ya gan ta tana fesa turaren. Ya sunkuyar da kai.

"Ni na shafa, Inna, ni na ce ya bushe. Laifina ne ni kaɗai."

Ta bar shi ya ɗauka. Wannan shi ne abin da ya fi komai muni a labarin nan, kuma ta san haka tun a lokacin.

Da aka sallami Takwara, gidan Inna aka wuce da ita, uwar ta bi don jinya. Yaya ya yanke hukunci: ko ta karɓo takardarta ta zauna da 'yarta, ko ta koma wa mijinta ta manta ta haihu. Mai Fenti ya zo dubiya sau uku, ana barinsa a waje. Ya turo dattijon garejinsu, aka sallame shi da na gode. Bai kira matarsa ya yi mata gori ba, saƙonsa kullum ɗaya ne, yaya numfashin yarinya. Ita kuwa abinci ya daina wuce mata. Tana son mijinta, tana son 'yarta, tana kuma jin kunyar kanta.

A sati na uku tana taje wa Takwara kai, yarinyar ta tambaya ko an ba wata ɗakinta ne. Uwar ta ajiye matajin, ta je ta durƙusa gaban Inna, Yaya na zaune.

"Inna, na ji warin. Shi hancinsa ba ya ji, ni na ji, na rufe da turare don kar ki hana ni ita. In akwai wanda ya kusa kashe ta, ni ce."

Yaya ya miƙe ya fice. Inna ta zagi 'yarta tas, zagin da ba ta taɓa yi mata ba. Da ta gama sai ta ce a miƙo mata mayafinta.

Sun tarar da Mai Fenti a siton. Ya kankare fentin duka har siminti, da wuƙar aikinsa da takardar guga, hannuwansa duk sun farfashe. Ya roƙi mai gidan hayar ya bar shi ya fasa taga, a madadin haka ya fente masa ƙofar gida. Ga tagar nan a buɗe da ragar sauro, bangon ya sha farar ƙasa, gado da shimfiɗu duk ya wanke ya shanya a rana. Ba wanda ya yi masa alkawarin yarinyar za ta dawo. Inna ta tambaye shi don me ya wahalar da kansa. Ya ce ko ba ta dawo ba, ba zai iya kwana a gida ɗaya da bangon nan ba.

"Amma Inna, ke za ki shaƙa ki faɗa. Ni na daina yarda da hancina."

Tsohuwar ta shiga, ta rufe ƙofa da taga, ta ce kar a taɓa ta. Tun azahar take ciki, su biyu na zaune a falo kamar masu jiran sakamakon asibiti. Matar ta kama hannunsa ta ga tsagar da ke tafin, ta fashe da kuka tana neman gafara. Ya ce ya yafe tun a asibiti, sai dai kar ta ƙara ɓoye masa abin da ita ta ji shi bai ji ba.

Rana ta yi sanyi sannan Inna ta fito tana gyara mayafi. Ba ta dubi 'yarta ba, surukin ta duba.

"Gobe ka zo da kanka ka ɗauke ta. A hannunka na ba da ita, ba a hannun uwarta ba."

Yaya ya yi wata biyu kafin ya amsa sallamarsa, uwar kuma ta daɗe kafin ta iya haɗa ido da Inna. Amma Takwara ta dawo, tana kwana da tagarta a buɗe. Gaggawa da ɓoye gaskiya sun kusa raba matar nan da 'ya da miji a yini ɗaya, haƙurin mutum ɗaya ne ya mayar mata da su. Ɗakin yaro ba sheƙin bango yake buƙata ba, iska yake buƙata, da manyan da ba sa yi wa juna rufa-rufa.