Takardar da Na Rubuta wa Yaya Kailu

Baba ba ya nan. Ya rasu shekaru da yawa da suka wuce, ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ta Filinge. Sunansa Na'Allah. Har yau akwai abin da nake bukatar ya yafe mini, kuma ba zan iya tambayarsa ba.

A wancan lokaci Nasara ne ke mulki. Shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya ɗauke da wuri. Hatsin da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Ga lanho, kuɗin da ake biya wa kowane kai a gida. Da aka gama girbi, samarin yankinmu na Kurfai suka fara ɗaure kaya. Wasu suka nufi Yamai, wasu Kano. Yayana Kailu ya ce shi Kumasi zai tafi, ya yi dako a kasuwa.

Na tambayi Baba, "Don mi Yaya za shi tahiya? Ba ya son mu ne?"

Baba ya ce, "Ɗiyata, don yana son mu ne. In ya tahi, an rage baki guda a rumbu. In ya komo, ya kawo abin da za mu ci."

Da Yaya zai hau mota, ya ja mini kunne ya ce, "Ke 'yar lakwal, in na kai ƙarshen rani zan sawo miki kallabi ja." Na yi ta tsalle.

Bayan wata uku Baba ya kwanta da tari. Ya rame ƙwarai. Wata safiya ya ji cewa maƙwabcinmu Magagi zai tafi Kumasi. Ya kira ni, domin ni kaɗai ce na iya rubutu a gidanmu. Na yago takarda daga littafina na zauna kusa da tabarmarsa.

Ya ce, "Rubuta. Kailu, jikina ba daɗi. Ka taho gida ko da hannu wofi. Ina son in gan ka."

Hannu wofi! Zuciyata ta tafi kan kallabi. Na ce a raina, ai tari ne kawai, zai warke. Sai na rubuta da Faransanci: "Muna lafiya. Baba ya ce ka zauna har ruwa ya sauka."

Baba ya ce, "Maimaita mini in ji."

Na dubi takardar, na faɗi kalmominsa daga kaina. Ya gyaɗa kai. Ya karɓe ta, ya tofa mata addu'a, ya naɗe da hannunsa, ya ba Magagi.

Daga nan, kowace Lahadi, ranar kasuwa, sai ya ce a fitar da shi ƙofar gida. Idan motar Yamai ta shigo, sai ya aike ni. "Ruga ki duba ko ya sauka." Ina zuwa, ina dawowa, ina cewa, "Bai zo ba, Baba." Na san ba zai zo ba. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa, tsoro ya hana ni.

Baba ya rasu saura kwana goma ruwan farko ya sauka.

Yaya Kailu ya iso bayan an yi shuka. Ya shigo da dariya, da bargo sabo a kafaɗa. "Ina tsoho? Ga maganin sanyi na kawo mai!"

Inna ta juya masa baya.

Ta ce, "Ubanka ya kira ka, ka zaɓi kuɗi. Mai da bargonka."

Yaya ya durƙusa a ƙasa. "Inna, wallahi ba a kira ni ba! Wani ɗan garin Sanam da ya yi lakwal ya karanta mini. Ya ce kuna lahiya."

"Ƙarya kake. Ina zaune aka rubuta."

Kwana biyu Inna ba ta yi masa magana ba. A masallaci ma mutane suna kallonsa suna ƙus-ƙus. A rana ta uku ya zaro takardar daga aljihunsa, ta yi laushi don gumi. Ya miƙa mini.

"Ƙanwata, ke kika rubuta. Karanta wa Inna."

Na karɓi takardar. Da na sake faɗin kalmomin Baba daga kaina, da babu mai kama ni a gidan. Amma na dubi Yaya. Kafaɗunsa duk sun yi kanta saboda ɗaukar kaya. Sai na karanta abin da ke cikin takardar, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ni ce, Inna. Ni na sake maganar. Kallabi nike so."

Inna ta zauna daɓas. Sannan ta kama kan Yaya ta rungume, tana kuka tana cewa, "Yahe mini, Kailu."

Washegari na ƙi zuwa lakwal. Na ce ba zan ƙara taɓa alƙalami ba. Malaminmu, Mushe Garba, ya zo gida da kansa.

Ya ce, "Kin yi babban laihi. Amma dubi garin ga. Kusan kowane gida da nasu a nesa. Yunwa ta kore su, ba son yawo ba. In kin bar rubutu, wa zai kai musu maganar iyayensu?"

Yaya ya ce, "Tashi ki ɗauki littahinki. Na yahe miki. Baɗi ma sai na koma, kuma ke za ki riƙa rubuto mini."

Haka aka yi. Shekara bakwai yana tafiya yana dawowa, ina rubuta masa. Matan unguwa ma suka riƙa zuwa da nasu saƙon. Ban ƙara rage kalma ko ɗaya ba, mai daɗi ko marar daɗi.

Yara, saƙo amana ne. Wanda ya bar gida don neman abinci, bai san halin da nasa suke ciki ba sai abin da aka faɗa masa. Ku faɗa masa gaskiya.

Ku taya ni addu'a. Allah ya jiƙan Baba Na'Allah, ya yafe mini. Allah ya dawo da kowane matafiyi gida, ya tarar da iyayensa da rai. Ku ce amin.